Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabanni da dattawan Hausawa mazauna Birtaniya kan abin da ya biyo bayan ƙuri'ar Brexit

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu dattawa, malamanmu, da shugabannin ƙungiyoyinmu na garuruwa daban-daban. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da jama'a, wadda babu mai musun ta, domin duk wanda aka yi wa rasuwa ko haihuwa a ƙasar nan ya san cewa ku ne farkon zuwa kuma ku ne ƙarshen tafiya. Ni ma'aikacin jinya ne a Birmingham, na kwashe sama da shekara ashirin a ƙasar nan, kuma ina rubuta wannan takarda ne da yawun wasu ƙannenku da 'ya'yanku da muka daɗe muna tattauna wannan magana a tsakaninmu: ma'aikatan asibiti, masu kula da tsofaffi, direbobin tasi, da ɗaliban da suka gama karatu suna jiran ganin inda al'amura za su faɗa.

Abin da ya sa muka fito fili shi ne amsar da muka samu lokacin da muka nemi a kira taro na musamman a kan sauye-sauyen dokokin zama a ƙasa. An ce mana wannan siyasar Turawa ce, ba ruwanmu, mu baƙi ne, mu nemi halalinmu mu yi shiru. Da ladabi muke cewa ba mu gamsu da wannan amsa ba, kuma dalilinmu na farko shi ne cewa da hannunmu aka yi abin da ya kawo mu nan.

A ranar 23 ga Yuni, 2016, lokacin da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai, wato Brexit, doka ta ba 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke zaune a nan bisa ƙa'ida damar yin zaɓe. Ɗan Najeriya, ɗan Gana da ɗan Kamaru duk sun cancanta, alhali Bafaranshe ko Bajamushen da ya yi shekara talatin a Landan bai cancanta ba. Ranar ta faɗo cikin watan azumi, kuma na tuna yadda muka yi makonni muna tafka muhawara a wajen buɗe-baki bayan ƙarfe tara na dare. Wani babba daga cikinmu, wanda nake girmamawa har gobe, ya tashi ya ce muddin Birtaniya na cikin Tarayyar, ɗan Romaniya zai shigo da katin shaida kawai ya kama aiki, shi kuwa ɗan Katsina mai digiri biyu sai ya yi layi a ofishin biza a Abuja, a ƙarshe a hana shi. Ya ce idan aka fita, kowa zai tsaya a layi ɗaya. Ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, domin masu yaƙin neman ficewa sun yi ta yaɗa ta a unguwannin baƙi, har Priti Patel, minista a gwamnatin wancan lokaci, ta yi ta nanata cewa ficewa ce za ta ceci gidajen abincin 'yan Asiya da ke kukan rashin masu dafuwa. Maganar ta shige ni, na zaɓi ficewa, kuma ba zan ɓoye hakan ba tunda ina neman wasu su faɗi nasu.

Sakamakon ya nuna kashi 51.9 cikin ɗari na son fita, kashi 48.1 na son zama, wato mutum miliyan 17.4 a gefe guda da miliyan 16.1 a ɗaya gefen. A nan Birmingham tazarar ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba a birni mai mutum sama da miliyan ɗaya. Wanda ya ce ƙuri'armu ba ta da nauyi sai ya dubi wannan lissafi da kyau.

Rikicin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Firaminista David Cameron ya sanar da murabus washegarin zaɓe. Theresa May da ta gaje shi ta kira zaɓe a 2017 ta rasa rinjaye, sannan majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta har sau uku, na farkon da tazarar ƙuri'a 230 a watan Janairun 2019. Boris Johnson ya dakatar da zaman majalisa, Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka, ya ci zaɓe da gagarumin rinjaye, aka fita a ranar 31 ga Janairu, 2020. Daga 2016 zuwa 2024 firaministoci shida suka zauna a kujerar, ɗaya daga cikinsu, Liz Truss, ba ta cika kwana hamsin ba. Ailan ta Arewa ta yi shekara biyu cur babu gwamnatin yanki saboda taƙaddamar iyakar kasuwanci. Mu da muka baro gida muna cewa a can ne siyasa ba ta da tsari, mun ga abin mamaki.

Inda nake so ku tsaya ku duba shi ne makomar alkawarin nan na layi ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, an cika wani ɓangare nasa. Daga Janairun 2021 aka kawo tsarin biza na maki, wanda ya daidaita ɗan Turai da ɗan Afirka a takarda. A Yulin 2021 aka ba ɗaliban da suka kammala karatu damar zama shekara biyu su yi aiki. A Fabrairun 2022 aka buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, saboda ma'aikatan Turai sun ja baya, gidajen kula da tsofaffi sun rasa hannu. 'Yan'uwanmu suka amsa kira, suka sayar da filaye da motoci suka taho, har a shekarar 2022 kaɗai iyalan ɗaliban Najeriya da aka ba biza suka haura 60,000. Kun san haka domin a ɗakunanku da yawa suka fara sauka.

To, da alƙaluma suka nuna cewa adadin waɗanda suka shigo ya ɗara na waɗanda suka fita da sama da 900,000 a shekara guda, sai 'yan siyasar da suka buɗe ƙofar da kansu suka juyo suna nuna mu da yatsa. Sun yi wa jama'arsu alkawarin rage baƙi idan aka fita daga Turai, sun kuma yi mana alkawarin ƙara mana dama, alkawura biyu da ba za su taɓa cika tare ba, kuma da lokacin biyan bashi ya yi sai aka zaɓi wanda ba ya magana. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu. A watan Maris aka hana masu kula da tsofaffi zuwa da mata ko miji ko 'ya'ya. A watan Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700, aka kuma ɗaga kuɗin shigar da ake buƙata kafin mutum ya kawo matarsa daga fam 18,600 zuwa 29,000. Kuɗin lafiya da baƙo ke biya tare da biza ya tashi daga fam 624 zuwa 1,035 a shekara ga babba, yaro kuma 776, ma'ana magidanci mai mata da 'ya'ya uku, idan ba a fannin lafiya yake aiki ba, zai biya kusan fam 4,400 a kowace shekara ban da harajin da ake cire masa a albashi. Aka canza gwamnati a Yulin 2024, wasunmu suka yi murna, amma gwamnatin Leba ta ɗora daga inda ta Conservative ta tsaya. A watan Mayun 2025 ta fitar da takardar manufofin da ta nemi mayar da wa'adin samun izinin zama na dindindin daga shekara biyar zuwa goma, a watan Yuli kuma ta rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje.

A duk waɗannan matakai ban ga takarda ko ɗaya da ƙungiyoyinmu na wannan yanki suka rubuta wa wani ɗan majalisa ba. Idan akwai, ina neman afuwa, kuma ina roƙon a nuna mana ita.

Bari in ba ku misali ɗaya, ba don in tayar da hankali ba. Wata ƙanwarmu daga Kano, wadda ta yi aikin ungozoma a gida, ta biya wani dillali maƙudan kuɗi domin ya samo mata takardar ɗaukar aiki a wani kamfanin kula da tsofaffi, abin da doka ta haramta a karɓi kuɗi a kansa. Da ta iso sai ta tarar babu aikin kirki, sa'o'i kaɗan ake ba ta a mako, kuma ba ta isa ta yi ƙorafi ba domin bizarta a hannun kamfanin take. Bayan wasu watanni gwamnati ta soke lasisin kamfanin, ita kuma ta shiga fargabar a ce ta bar ƙasar idan ba ta sami wani mai ɗaukar nauyinta ba. Ba ita kaɗai ba ce: gwamnati da bakinta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, lamarin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa dillalin nan namu ne, da harshenmu ya yaudare ta, kuma a sahun gaba yake sallah. Kowa ya sani, amma an ce kada a tona asiri. Asirin wa ake rufawa, nasa ko nata?

Ƙorafinmu na gaba ya shafi harshen siyasar ƙasar. Mako guda kafin ƙuri'ar 2016, Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu neman ficewa, ya ƙaddamar da wani katafaren hoto na jerin 'yan gudun hijira domin tsorata masu zaɓe, kuma a ranar ce aka kashe 'yar majalisa Jo Cox a mazaɓarta. A watan da ya biyo bayan zaɓen, laifukan ƙiyayya na launin fata da addini da 'yan sanda suka rubuta sun ƙaru da kashi 41 cikin ɗari idan aka kwatanta da Yulin shekarar da ta gabata. A lokacin muka ce da 'yan Poland ake yi. A ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport da ƙaryar da aka yaɗa cewa wani Musulmi mai neman mafaka ne ya aikata, aka far wa masallaci, aka yi yunƙurin cinna wa otal wuta a Rotherham da kuma Tamworth da ke nan kusa da mu. A wancan mako matata ba ta fita ko kanti ba, ni kuma na riƙa sauya hanya idan na tashi daga aikin dare. Jam'iyyar Reform ta Farage ta sami ƙuri'a sama da miliyan huɗu a 2024, ta karɓe ƙananan hukumomi goma a Mayun 2025, sannan ta fito ta ce idan ta kafa gwamnati za ta soke izinin zama na dindindin gaba ɗaya, har ga waɗanda suka riga suka samu. Shi kansa Keir Starmer, wanda ya zama firaminista a 2024, ya yi gargaɗin cewa Birtaniya na iya zama tsibirin baƙin juna, kalaman da ya ce daga baya ya yi nadamarsu. Ranku ya daɗe, da yawa daga cikinku da izinin dindindin kuke zaune ba da fasfo ba, don haka wannan wuta ba a gemun maƙwabci kaɗai take ba.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da muka manta da su tun farko, waɗanda suka fito daga zangunan Kumasi da Akara, ko daga Nijar, suka yi shekaru a Italiya ko Jamus ko Holan har suka sami fasfon can, sannan suka dawo nan domin 'ya'yansu su yi karatu da Turanci. Da yawansu ba su da ƙuri'a a 2016, mu muka yanke musu hukunci. An ba su zuwa 30 ga Yunin 2021 su nemi sabon izinin zama, kuma na san dattijon da bai ji labari ba sai da aka tambaye shi shaida a wajen aiki, domin komai a intanet ake yi shi kuwa waya kawai yake iya amsawa. Sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a da ta wadatar.

Sauran alkawuran ba sa buƙatar dogon bayani. Fam miliyan 350 da aka rubuta a jikin jar motar bas ɗin nan ta masu yaƙin neman ficewa cewa ana aika wa Turai kowane mako, gara a ba asibitoci, hukumar kula da ƙididdiga ta ƙasa ta ce lissafi ne mai ɓatar da mutane tun kafin zaɓe, kuma ni da ke aiki a ɗakin marasa lafiya ban ga ranar da gado ya wadata ba. Hukumar da ke yi wa gwamnati hasashen kasafin kuɗi ta kiyasta cewa ficewar za ta rage ƙarfin samar da dukiya na ƙasar da kimanin kashi huɗu cikin ɗari a tsawon lokaci. An ce Birtaniya za ta juyo ga tsofaffin abokanta, Theresa May har Abuja da Legas ta je a 2018, amma a 2021 aka rage tallafin ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na kuɗin shigar ƙasa, a 2025 kuma aka sanar da sake rage shi zuwa 0.3. Wanda ke da dangi a wajen aikin lafiya ko ilimi a Arewa ya san abin da wannan ke nufi.

Domin in yi adalci, a cikin waɗanda na rubuta wannan takarda da yawunsu akwai masu cewa har yanzu ba su yi nadamar zaɓen ficewa ba. Hujjarsu ita ce, da ba a fita ba da ƙannensu ba su taɓa samun bizar aiki ba, kuma annobar korona da yaƙin Yukren sun taka rawa a tsadar rayuwa, bai kamata a ɗora wa Brexit komai ba. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan, duk da cewa ni na yi nadama, domin a ganina ƙofar da aka buɗe saboda ƙarancin ma'aikata kawai, ba tare da an shawo kan masu gida ba, dole wata rana a rufe ta a kan yatsun wanda ya shigo. Ba mu daidaita a kan wannan ba, kuma ba ma neman ku raba mana gardama. Abin da muka daidaita a kansa shi ne cewa shiru bai amfane mu ba.

Saboda haka muna roƙonku, da girmamawa, ku kira taron da muka nema, a kowane gari da muke da jama'a, da Hausa, a gayyato lauya mai lasisin ba da shawara kan harkokin shige da fice domin ya bayyana wa mutane matsayinsu, a kuma ware wa mata lokacinsu, tunda su ne mafi yawa a aikin kula da tsofaffi kuma su ne ba a cika jin muryarsu a tarukanmu ba. Muna so a bar kowa ya faɗi abin da ya zaɓa a 2016 da dalilinsa ba tare da gori ba, waɗanda suka ja mu zuwa wancan ɓangare su ma su yi bayani, domin gobe wani zai sake zuwa da alkawari mai daɗi.

Muna roƙon ku sa rajistar zaɓe cikin ayyukan ƙungiya kamar yadda kuka sa asusun jana'iza. Da yawa daga cikin sababbin zuwa ba su san cewa ɗan Najeriya ko ɗan Gana mai biza yana da damar zaɓen ɗan majalisa ba, ba su kuma san cewa tun 2023 sai da katin shaida mai hoto ake kaɗa ƙuri'a a Ingila ba. A zaɓen 2024 an ci kujerar Perry Barr da tazarar ƙuri'a 507, ta Yardley da 693, duk a nan Birmingham, a zaɓen cike gurbi na Runcorn a 2025 kuwa ƙuri'a shida ce ta raba. Jama'ar da ke cika ɗakin taronmu ranar sallah ta fi haka. Ba mu ce ku zaɓa mana jam'iyya ba, kuma masallatanmu masu rajistar ƙungiyoyin agaji doka ma ba ta yarda su yi haka ba.

Muna roƙon ku rubuta wa 'yan majalisar mazaɓunmu da sunan ƙungiyoyi, ku kuma je ku gan su a ranakun da suke ware wa jama'a, da buƙata guda bayyananniya: duk wanda ya shigo bisa sharaɗin shekara biyar a bar shi a kan shekara biyar, kada a sauya masa sharaɗi bayan ya sayar da gidansa ya taho. Ku haɗa kai da sauran 'yan Najeriya, da 'yan Gana, Zimbabuwe, Indiya da Filifin, da ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan lafiya, domin matsalar iri ɗaya ce kuma sun riga mu fara magana.

Game da dillalan biza kuwa, muna so ku fito ku ce sayar da takardar ɗaukar aiki zalunci ne, ku daina karɓar gudummawar wanda aka san da wannan sana'a, ku kuma taimaka wa waɗanda aka cuta su kai ƙara ba tare da tsoron za a ce sun tona asirin ɗan'uwa ba. Ku aika da saƙo gida ta bakin malamai da gidajen rediyo cewa an rufe wannan hanya tun Yulin 2025, domin har yanzu akwai masu karɓar kuɗin mutane a Kano da Kaduna da sunanta.

Mun tanadi mutum shida da suka yarda su ɗauki nauyin shirya taron farko, da kuɗin hayar ɗaki, da fassara takardun gwamnati zuwa Hausa. Izininku da halartarku kawai muke jira, kuma muna fatan samun amsa kafin taron ƙungiya mai zuwa. Idan akwai kalmar da ta yi kaushi a cikin wannan takarda, ku yafe mini, laifina ne ni kaɗai ba na waɗanda suka aiko ni ba.

Allah Ya ja zamaninku, Ya yi mana jagora baki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanku a Birmingham